Wariya a Makarantun Kuɗi: Darasi Daga Amurka Ga 'Yan Asalin Gummi



A shekarar 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba 'ya'yan baƙar fata da na Turawa a makarantun gwamnati. Maimakon su bi hukuncin, sai Turawan jihohin kudu da yawa suka janye 'ya'yansu, suka buɗe makarantun kuɗi nasu na kansu. A gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya, hukuma ta rufe makarantun gwamnati baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964, aka bar ɗaruruwan 'ya'yan baƙar fata babu aji. A 1976 kotun ta hana makarantun kuɗi ƙin karɓar yaro saboda launin fatarsa. Duk da haka, har gobe akwai irin waɗannan makarantu a Misisipi da Alabama da kusan dukkan ɗalibansu Turawa ne, alhali baƙar fata ne suka fi yawa a yankin. Abin da doka ta hana, kuɗin makaranta ya ci gaba da yin sa.

Mu dai launinmu ɗaya, amma wariya ba baƙuwa ba ce gare mu. Makarantun da Ɗan Hausa ya fara a Nasarawa ta Kano a 1909 sun ware 'ya'yan sarakuna daban. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya buɗe ƙofa sosai, har ɗan manomi da ɗan hakimi suka zauna a benci guda. Da yawanmu a nan 'ya'yan wancan benci ne.

To, yau ina 'ya'yanmu suke karatu? Suna makarantun kuɗi a Abuja, Kaduna, Sakkwato da Gusau. Ba laifi ba ne uba ya nema wa ɗansa abu mai kyau. Sai dai duk makarantar da babu ɗan mai faɗa a ji a cikinta, rufinta kan yaye ba wanda zai ɗaga murya. Ga matsalar tsaro da ta addabi Anka, Bukkuyum da ƙauyukanmu, wadda ta fi shafar yaron da ba shi da inda za a kai shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara tara kyauta, amma doka ba ta bin kadin kanta.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, kowane reshe ya ɗauki firamare guda, ko a Gayari, ko Gyalange, ko Ɗaki Takwas, ya riƙa ziyartarta yana kawo rahoto a taron shekara. Na biyu, 'yan'uwanmu masu makarantun kuɗi su ware gurabe kyauta ga marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Na uku, mu shiga kwamitocin kula da makarantu, mu riƙa tambayar hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma yadda ake tura malamai ƙauyuka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran da muka bari a baya su ne za su riƙe garin da 'ya'yanmu za su kira gida.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.