Jawabi a Kan Yadda Yaro Ke Kama Lafazin Baƙon Harshe



Tun da aka gina Gobarau, wadda masu tarihi suka ce a zamanin Sarki Muhammadu Korau ne, yaran Katsina suna koyon harshen da ba shi suka sha a nono ba. Da fari Larabci, daga baya Turanci ya zo. Abin da na ke so mu duba yau shi ne yadda lafazin baƙon harshe ke zama a bakin yaro.

Ku saurari kalmomin da muka aro. Harafin lādi ba mu da shi, sai kakanninmu suka mai da shi l, shi ya sa mu ke cewa alƙali da alwala da larura. Harafin da Balarabe ke faɗa da harshe tsakanin haƙora, wani wuri ya koma s, kamar Usman da sulusi, wani wuri t, kamar Talata. Na Bature ma haka: p ya zama f a fensir, v ya zama b a direba, baƙaƙe biyu kuwa in sun haɗu sai mu raba su da wasali, mu ce burodi. Wannan ba kasawa ba ce. Kunne ne ya ji baƙon sauti, ya kai shi ga maƙwabcinsa na gida. Bature ma haka ya ke fama da bari da ɓari.

Watau kunne ke gaba, harshe na biye. A 1984 waɗansu masana biyu a Kanada, Werker da Tees, suka gwada jarirai na gidajen da a ke Turanci. Ɗan wata shida zuwa takwas yana rarrabe sautukan harshen Hindi, amma kafin ya cika shekara galibi ya daina, domin kunnensa ya tsaya ga harshen uwa. Ƙofar ba ta rufe ɗungum, sai dai tana ƙara tsukewa da shekaru.

Ga wanda ya fi shafarmu. A 2003 Patricia Kuhl ta Amurka ta sa a yi wa jarirai 'yan wata tara magana da Sinanci, zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu sun kama sautukan. Waɗanda aka kunna wa na'ura ba su kama ba. Malaman tajwidi ba za su yi mamaki ba, gama su tun da can baki da baki su ke bayarwa, almajiri na duban leɓen malam. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ma da gyaran lafazi ta yi suna, kuma can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, wanda Turancinsa ya shahara har Ingila.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, ku ja hankalin iyaye a ƙasashenku su kai yara makaranta da ƙuruciya, kada a jira sai murya ta fashe. Na biyu ya fi wuya, don ya saɓa wa al'ada. An saba a bar ƙananan yara ga gardi ko sabon malami, a ajiye gwani don manya. A ganina ajin farko ya fi bukatar mai lafazi mai kyau, gama abin da yaro ya ji a shekarar nan shi zai riƙa maimaitawa. In kun fita rangadi, ku shiga wannan aji, ku zauna, ku saurari malamin kafin ku saurari yaran.