Jawabi kan ɗaukar lauya a maganar fili



Wani falke da na sani ya saida bijimai shida, ya sayi fili kusa da kasuwa don ya yi garken kiwo. Shaidu biyu, goro, fatiha, babu takarda. Sai da ya kai bulo anka ce masa rabin filin bisa burtali yake. A nan ne ya zo neman lauya, wanda muke cewa aboka. Lauya ya saurare shi, ya ce babu abin kamawa, sai dai a bi mai saidawa a nemi kuɗi. Shi kuwa ya riga ya cinye.

Dokar karkara ta Nijar ta 1993, da dokar kiwo ta 2010, sun sa burtali da makiyaya cikin dukiyar ƙasa. Ba mai gari, ba hakimi, ba wanda ke da ikon saida su. Mu ne munka yi shekaru muna kuka a kan wannan, to kada a iske namu cikin masu saye.

Saboda haka in za ka sayi fili, ka ga lauya kamin kuɗi su fita daga aljihunka. Shi zai bincika ko mai saidawa shi kaɗai ke da filin, ko gado ne da ba a raba ba. Wannan na gado shi ya fi cin mutane: ka biya wa, bayan damina ƙane ya komo daga Libiya ya ce bai sani ba. A cikin gari akwai noter, mai rubuta cinikin. A ƙauye kuwa hukumar filaye, Kofo, ita ke ba da takardar saye, da sa hannun mai gari.

In rigima ce ta tashi, kada ka ruga kotu. Ana farawa gaban sarki. In an shirya, a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba, shi ma a rubuta, don ita alƙali zai fara tambaya, kuma da ita lauya zai yi aiki.

Maganar kuɗi fa. Yawancin lauyoyi a Yamai suke, motarsa da masaukinsa duk a kanka. Ku yanke lada tun farko, a rubuce, ka karɓi rasit. Wanda ya rantse maka za ka ci shari'a tun bai ga takarda ba, ni dai ba na ba shi ko dala. In filin na jama'a ne, a yi karo-karo a ɗauki lauya guda. Marar hali kuma, tun 2011 akwai hukumar gwamnati mai taimakon talaka a shari'a, ku tambaya a kotu.

Mai wata takardar fili a jakarsa, ya kawo bayan la'asar mu duba tare.