Dokar Da Ke Tafe Da Kasuwancin "Kawo Mutum"

 

Mu 'yan layin kayan kwalliya aka ba mu minti goma, kuma za mu yi su ne a kan sana'ar da ta shigo mana kasuwa ba sallama, wato ta kamfanonin sabulu, man shafawa, shayi da maganin ƙarin lafiya, waɗanda ke cewa ki yi rajista, ki sayi kaya, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu. Turawa na ce mata netwok. A zauren nan akwai masu yi, akwai waɗanda suka ci bashin ƙungiya suka shiga, don haka ba da wata muke ba.

Yawancin kamfanonin nan daga waje suke, musamman Amurka da Sin, shi ya sa abin da hukumomin can suka yanke yakan iso teburinmu. A watan Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta fitar da daftarin doka don jin ra'ayin jama'a. Abin da daftarin ya kama shi ne baki. Ba za a ce wa mutum "za ki samu kaza a wata" ba sai da hujja a rubuce, kuma in ya nemi ganin hujjar a nuna masa. Kafin nan, a 2024, ma'aikatan hukumar sun duba takardun samu na kamfani 70, suka tarar yawancin masu yi dala 1,000 ko ƙasa da haka suke samu a shekara, tun ba a cire abin da suka kashe ba. A shekara fa, ba a wata ba. A can wannan kuɗin da kyar zai biya hayar gida ta wata ɗaya.

To, mu da muka koyi lissafi da girma, mun zauna mun raba kuɗin sana'ar nan gida biyu. Akwai ribar kaya: kin saro sabulu, kin sayar wa mai wanka da shi, kin ɗora naki. Wannan ciniki ne irin wanda muka gada, kuma daftarin bai hana shi ba. Sai kuma kamashon kawo mutane. Shi wannan da daɗin baki yake tafiya, da hoton mota a WhatsApp, da labarin wata da aka kai yawon ƙasar waje. Ranar da aka ce kowace magana sai da takarda, kawo mutane zai yi wuya, kuɗin na sama zai ragu, za a koma kan tambayar da kowace 'yar kasuwa ta sani: kayan nan, a farashin nan, wa zai saya? Sabulun da ya ninka na kanti sau uku, in an cire mafarkin mota, sai mu ga ko zai tashi daga kan tebur.

Inda abin ya fi damunmu shi ne wa za a kama. Kamfani yana da lauyoyi. Herbalife ta biya dala miliyan 200 a Amurka a 2016, ta gyara tsarinta, ta ci gaba da harkarta. Amma wadda ta tara matan unguwa a tsakar gida ta maimaita abin da aka faɗa mata a taro, ita aka gani, gidanta aka sani. Nan gida Najeriya, dokar zuba jari da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanarwa da masu tallata tsarin damfara irin na MMM. Ba mu ce duk kamfanin da ke da kaya MMM ne ba. Sai dai in kayan lulluɓi ne kawai, kuɗin daga rajistar sababbi yake fitowa, to wadda ta kawo mutum goma mai talla ce, ko da ita ma nata jarin ya nutse.

Indiya ta ɗan duba na ƙasa. Ƙa'idojinta na 2021 sun ɗora wa kamfani alhakin ƙorafin da ya taso daga kayan da wakilansa suka sayar. Irin wannan muke so mu ji a bakin masu yi mana doka, tare da abu ɗaya da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: kayan da ake sa mace ta saya duk wata don kada matsayinta ya faɗi, har su cika ƙarƙashin gado kwanan watansu ya wuce. A tilasta wa kamfani ya karɓi abinsa ya mayar da kuɗi.

Ga roƙonmu ga kwamitin bashi. Duk wadda ta nemi kuɗin ƙungiya don irin wannan rajista, ta zo da abu uku: lambar NAFDAC ta kayan, takardar kamfani mai nuna abin da yawancin mutane ke samu, ba na ƙololuwa ba, da sharaɗin mayar da kaya a rubuce. Wadda karatunta bai kai ba ta kawo takardun aji ranar Asabar, malama ta yarda za mu karanta su tare, layi-layi.