Tururin Fetur a Wajen Lodi: Kada Ka Buɗe Murfi

 Yau maganarmu da direbobin tankar mai ce, da yaransu, da ma'aikatan daffo masu tsayuwa bakin famfo tun asuba. Maigida direba, ba ni aron hankalinka.

Tankar da aka sauke wa fetur, cewa muke ba komai a cikinta, alhali cike take maƙil da tururi. In aka ɗura mata lita 33,000 na mai, dole tururi lita 33,000 ya fita ya ba shi wuri. Duk wanda ya taɓa ɗura ruwa a jarka da mazurari ya ga yadda ruwan ke tsayawa yana ɓulɓul in iska ta rasa mafita. To, ina wannan tururin yake zuwa?

A daffon da ake lodi ta sama, kuma irinsu suna da yawa a ƙasarmu, fita yake ta bakin murfi, ya doki fuskar wanda ke tsaye a kai. A wuraren lodi na zamani kuwa ta ƙasa mai ke shiga, murafe na rufe ruf. Kowane ɗaki na tankar yana da bawul a samansa wanda iskar mota ke buɗewa. Tururin ya bi ta nan ya shiga bututu guda, ya sauko, ya bi tiyo mai kauri zuwa na'urar daffo, inda wani gawayi na musamman ke kama shi a mayar da shi fetur. Tarayyar Turai ta wajabta wannan tsari tun 1994. A Amurka doka ta ƙayyade matsin da ba za a wuce ba a cikin tanka lokacin lodi, kuma duk shekara sai an gwada ta an tabbatar ba ta zubar da tururi.

Idan hanyar tururin nan ta toshe, mota za ta gaya maka. Lodi ya riƙa tsayawa yana tashi. Ka ji huci daga saman tanka, sii, ba ƙaƙƙautawa. Wari ya cika wurin, ka ga iska tana rawa a saman murfi. Wannan hucin bawul ɗin kariya ne na jikin murfi yake buɗewa don matsi ya yi yawa. Da ka ji shi, dakatar da lodi.

Fara da duba gejin iska. Bawul-bawul ɗin sama ba sa buɗewa sai da isasshiyar iska, kuma motar da ta daɗe a layi a kashe, in tana da ɗan yoyo, iskarta ta zurare. Ƙaramin tiyon iska guda da ya tsage ya isa ya hana ɗaki guda numfashi. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Daga nan ka bi babban tiyon tururi da ido: ya lanƙwashe? Taya ta taɓa taka shi ya lotse? Ɗaga tsakiyarsa ka ji nauyi. In ya yi nauyi, ko ka ji ruwa na motsi a ciki, fetur ne ya taru ya datse hanya, kuma wannan na yawan faruwa bayan an cika wani ɗaki ya wuce ƙima. Ma'aikacin daffo za ka kira a tsiyaye shi a mazubin da aka tanada, ba a ƙasa ba. Sai bakin mahaɗa. Akwai wani faifai mai sifirin a ciki wanda sai kan tiyo ya tura shi yake buɗewa, in bai zauna daidai ba hanya a rufe take ko da ka ga an ɗaure. Robar bakin ma takan bushe ta tsage.

Ba kullum ne laifin mota ba, kuma ina so direbobi su riƙe wannan don kada a ɗora musu abin da ba nasu ba. In motarka na ba da matsala a duk famfon da ta je, kai ta wurin bakanike. In kuwa duk motar da ta shiga layi guda sai ta yi huci, matsalar daffo ce, wataƙila ragar tare wuta da ke bututunsu ta toshe, ko wani bawul nasu ya maƙale. Ka faɗa wa mai kula da wurin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Layi ya yi tsawo, na baya suna ta oda, mai kaya yana ta kira a waya, sai wani ya ce, "Kai yaro, hau ka ɗan sassauta murfin." Don Allah kada a yi. Tankar da ke da matsi, murfinta na iya bugun mutum ya faɗo, ga tururi mai kauri da zai shaƙa gaba ɗaya. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake ya bi ƙasa ya shige kwata da ƙarƙashin motoci. Kashi 2 cikin 100 kawai a iska ya isa ya kama da wuta, tartsatsi guda yake jira. Haka nan na'urar da ke hana tanka ambaliya: in ta nuna ja, a nemo dalili, kada a yi mata dabarar haɗa waya. Wayar da ke sauke lantarki ƙasa kuma ita ake fara maƙalawa, ita ake cirewa a ƙarshe.

Ko ba gobara, jiki na biya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da zafin ido bayan lodi ba gajiya ba ce kawai. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar yana haddasa kansar jini, kuma a hankali yake ɓarnarsa, shekara da shekaru. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki abinci ce, amma ba ta wanke abin da ya riga ya shiga jini ta huhu. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ka canza rigar da mai ya jiƙa, kuma ka daina wanke hannu da fetur.

In wani ya jigata, a janye shi zuwa sarari mai iska, a sassauta masa tufafi. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Kai kuma da ka daɗe a wannan sana'a, in kana yawan kasala, ko dasashinka na zubar da jini, ko zazzaɓi na yawan dawo maka, je a auna jininka, kuma ka gaya wa likita irin aikin da kake yi.

Allah ya kiyaye hanya.