Yaron da Ke Zaune Shi Kaɗai: Jawabi ga Dattawa da Iyaye



A ƙauyukanmu na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, sau da yawa gidajen masu bi biyu ne ko uku a gefen gari. Saboda tsoron tsangwama, wasu iyaye sun hana yara fita dandali. Niyyar kirki ce, amma jikin yaro ne ke biyan kuɗinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki sosai aƙalla minti 60 kowace rana. Langa da kokawa da gaɗa da ƙwallo su ne ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kuma ba a yin su sai da abokai. Yaron da ba ya wasa ba ya jin daɗin abinci, barcinsa ma ba ya nauyi.

Dama ƙasarmu na fama. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, alhali a Najeriya duka kashi 37 ne. Gidan da ya ware kansa shi ne na ƙarshen jin labarin allurar rigakafi, da bitamin A, da maganin zazzaɓin da ake rabawa da damina.

Abinci kaɗai bai isa ba. A gidajen marayu na Romaniya, waɗanda duniya ta gani bayan 1989, yara sun tsumbure don ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Da aka mai da wasu hannun iyalai da wuri, sai tsayi da nauyi suka fara dawowa.

To, me za mu yi? Filin majami'a ya zama filin wasa kowane yamma, a buɗe ga yaran maƙwabtanmu Musulmi. Zumuntar Mata ta riƙa raka masu jego awo, tana koyar da kunun gyaɗa da waken soya da zogale. Dattawa su gaida mai unguwa, su roƙa a sanar da mu duk ranar da ma'aikatan lafiya za su zo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya raya mana yaranmu. Amin.