Ranar Da Motata Ta Fara Magana Da Gidana



Da aka ce in yi jawabi a wannan zama na yi ta tunanin abin da zan faɗa, domin ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai fama da fayil daga safe zuwa la'asar. Malaminmu na kimiyya da ke zaune a sahun gaba shaida ne kan irin makin da nake samu a darasinsa. To amma larura ta koya mini abin da bulala ta kasa.

Wata rana da daddare muna kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa da iyalina, sai fitilun mota suka fara dushewa, can kuma injin ya mutu. Muka kwana biyu ba mu manta da tsoron wannan dare ba. Washegari bakanike ya ce ai na'urar cajin batir ta daɗe tana mutuwa a hankali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar "ta daɗe". Ashe motar ta san ciwonta, ni ne ba ni da kunnen jin ta.

Mafi yawan motocin da muke hawa 'yan Kwatano ne, daga Amurka ko Turai suka fito. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. In kun leƙa ƙarƙashin sitiyari za ku gan ta. Nan ne bakanike yake jona kwamfutarsa ya caje ku kuɗin dubawa. Ta wannan kafa mota take faɗin zafin injin, da saurin juyawarsa, da lambar kowace matsala, alal misali P0300, wato wuta ba ta kamawa daidai a cikin silinda.

Da farko na sayi 'yar na'urar nan mai suna ELM327, wadda ake cusawa a kafar ta aika bayani zuwa waya ta Bluetooth. Na yi mako guda ina kallon lambobi, sannan na gaji na daina. Wa yake da lokacin buɗe manhaja yana sauri kada ya makara ofis?

A nan gida ya shigo. Da ma ina da wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, da ke kan inbata, tana ɗauke da manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, kyauta kuma ake samunta. Ita ke kunna fitilun tsakar gida da magariba. Sai na sauya na'urar motar da wadda take amfani da Wi-Fi. Da zarar na shigo gareji, sai ta kama layin gida ta miƙa wa kwamfutar abin da ta gani, kwamfutar kuma ta adana.

Adanawar nan ita ce duk amfanin abin. Lambar rana ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta mako da mako. Batir mai lafiya in ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauka 12.2 to kusan rabin cajinsa ya tafi, in kuma injin na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Na umurci kwamfutar cewa duk safiyar da ta ga ƙasa da 12.2, ta mai da ƙwan fitilar falo ja. Yanzu ko ƙaramar 'yata ta san ma'anarsa, ita ce ma take riga ni gani.

Bugu da ƙari, ta nan na gano cewa zafin injina ba ya wuce digiri 70, alhali wajen 90 ya kamata ya tsaya. Da aka buɗe, ashe an cire tamostat tun kafin in sayi motar, bisa al'adar nan ta cewa wai ƙasarmu da zafi, ba a bukatarsa. Injin da bai yi ɗumi ba kuwa ya fi shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 babu wanda zai raina lita ɗaya. Na sa aka mayar da shi, bakanikena yana ta gunaguni.

Kada ku ɗauka ban sha wuya ba. Ɗaya daga cikin ramukan nan 16 yana ɗauke da wutar batir ko da an zare makulli. Na tafi kwas na kwana goma na bar na'urar farko a jone, na dawo na tarar mota ko tari ba ta yi. Wato abin da na saya don ya tsare batir shi ya shanye shi. Saboda haka ku nemi wadda take yin barci in an kashe mota, ko ku riƙa zarewa. Haka kuma ba kowace mota ce take faɗin yawan man da ke tanki ba, tawa dai ba ta faɗa.

Shawarata ta ƙarshe, ku karanta kawai, kada ku taɓa. Manhajar tana iya goge lambar matsala fitilar gargaɗi ta mutu, amma ciwon yana nan, kuma kun share wa bakanike sawun da zai bi. Ni dai ina rubuta lambar in kai masa, mu yi magana ido da ido.

Motar tana waje a gindin darbejiya. Wanda yake son ganin kafar, ya same ni bayan an ci abinci.