Karatun Tarihin Zane da Sassaƙa: Ina Amfaninsa ga Ɗan Talaka?

Jawabin da aka yi wa jama'a a Guri, ƙasar Haɗejiya

Iyayena da 'yan'uwana, masunta da manoma da 'yan kasuwa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kadan yaro ya gama jami'a ya ce zai koma Zariya ya ƙaro ilmin tarihin zane da sassaƙa, sai uba ya riƙe baki, ya ce wannan ai shiririta ce. To, ku saurara. Abin da ake karantawa a nan, ai aikin hannunku ne: zanen ƙwarya, ɗinkin hula, aikin dukawa, rini, da adon bango na magina.

Wa ya riga mu? Bature. Bernard Fagg shi ya tattara gumakan yumɓu na Nok, ya buɗe musu gidan ajiya a Jos cikin 1952. Wani kuma, David Heathcote, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello yana bin maɗinka, har ya sami digirin dakta cikin 1979 a kan ɗinkin rigunan Hausa, watau aska takwas da 'yan'uwanta. Kun ji fa! Maɗinki ya sha zaman rumfa idonsa ya dushe, baƙo ya zo ya zama dakta da allurarsa. Ba laifin baƙo ba ne, shi ya ga daraja inda muka raina.

Karatun yana nan a Zariya, inda aka fara koyar da zane tun 1955. Bayan digiri na farko sai na biyu, mai ƙoƙari ya zarce na dakta. Aikin da ke bayansa kuwa, akwai koyarwa a jami'a ko kwalejin horon malamai. Akwai aiki a Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, mai riƙe da Gidan Makama na Kano. Akwai gyaran tsofaffin kaya kada gara ta cinye su. Sa'an nan akwai shaida, watau mutum ya dubi abu ya faɗi inda aka yi shi da zamaninsa. Da irin wannan shaida Jamus ta fara mayar wa Nijeriya kayan tagullar Benin cikin 2022, waɗanda sojan Ingila suka kwashe tun 1897.

Ba na ruɗinku, guraben kaɗan ne, albashin kuwa bai kai cinikin babban dillalin kifi ba. Mai neman kuɗi da gaggawa ya tsaya kasuwa.

Amma ga zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, cikin jiharmu ta Jigawa. Ga tabarmi da faifai da komo da ake yi a bakin kogin nan namu. Yaron da ya tashi a Guri ya san sunayensu, ya san masu yin su, kuma in ya yi sallama tsofaffi za su shimfiɗa masa tabarma su gaya masa wanda ya koya musu.